Kundin aikin fazin: ɗura wa laburaren Python tarkace don a ga inda za su karye

Litinin, 3 ga Maris 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa ajiye abin da nake gani a aikin da na sa a gaba. Ina gina na'urar gwaji mai tafiyar da kanta, wadda za ta riƙa ɗura wa laburaren manhaja (tarin kod da wasu shirye-shirye suke amfani da shi) na harshen Python bayanai barkatai, dare da rana, har sai wani abu ya karye. Masu sana'ar suna kiran wannan dabara fazin. Na zaɓi ƙananan laburare huɗu masu buɗaɗɗen kod: ɗaya yana karanta fayil ɗin saiti, ɗaya yana fassara rubutun kwanan wata da lokaci, ɗaya yana mayar da bayanai rubutu ya kuma dawo da su, na huɗun kuma yana da ɓangaren da aka rubuta da harshen C saboda sauri. Ba zan ambaci sunayensu ba. Masu kula da su aikin sa kai suke yi, kuma duk abin da na samo su ya kamata su fara ji.

Dabarar ta tsufa. Barton Miller na Jami'ar Wisconsin da ke Madison ne ya raɗa mata suna a 1988, bayan wani dare da ake ruwa da tsawa, hayaniyar layin tarho ta riƙa cusa haruffan banza cikin umarnin da yake bugawa, shirye-shiryen Unix suka riƙa faɗuwa a gabansa. Ya mayar da abin aikin aji ga ɗalibansa, sakamakon da suka wallafa a 1990 ya nuna cewa tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na shirye-shiryen da suka gwada sun faɗi ko sun maƙale. Babban sauyi ya zo da na'urar fazin mai suna AFL ta Michał Zalewski a 2013. Maimakon jifa a duhu, na'urar tana lura da hanyoyin da kowane bayani ya bi a cikin kod, idan ya taka sabuwar hanya sai ta adana shi ta ci gaba da yi masa kwaskwarima. Google ta buɗe OSS-Fuzz, hidimar fazin ga manhajoji masu buɗaɗɗen kod, a 2016, sannan a Disamban 2020 ta fitar da Atheris, wanda ya kawo wannan salo ga Python a kan injin libFuzzer. Da Atheris zan fara, a kan Python 3.11.

Abin da ya ja ni shi ne bambancin da ke tsakanin harsunan. A C, kan kowane fankshin yana faɗin nau'in abin da yake karɓa, kuma idan shiri ya taɓa memorin da ba nasa ba, babu gardama, aibi ne. A Python kuwa za ka tarar da fankshin mai suna `load` yana karɓar `x`, shi ke nan. Rubutu ne? Jeri ne? Buɗaɗɗen fayil ne? Sai ka bincika. Haka ma idan ya jefo kuskure, ba lallai ne ya zama aibi ba, domin jefa kuskure hanya ce ta yau da kullum ta yin magana a wannan harshe.

Alhamis, 6 ga Maris

Na rubuta mazurari na farko. Haka nake kiran ɗan fankshin ɗin da ke karɓar bayit-bayit daga injin ya zuba su cikin laburare. Layuka kaɗan ne: a shigo da laburaren ƙarƙashin `instrument_imports` domin Atheris ya dasa masa ƙididdiga a kowane reshe, a mayar da bayit ɗin rubutu da `FuzzedDataProvider`, a miƙa wa mai karanta saiti.

Bai yi daƙiƙa ɗaya ba ya tsaya. Laburaren ya ce rubutun ba ya bisa ƙa'ida, kuma gaskiyarsa ne, rubutun tarkace ne. Amma injin yana ɗaukar duk kuskuren da ba a cafke ba a matsayin faɗuwa, ya rubuta fayil ya fita. Na cafke wannan kuskure, wani ya fito. Na cafke shi ma, na uku ya fito. Da na gaji na sa `except Exception` na rufe kowa, sai injin ya yi ta gudu har dare bai ce uffan ba, domin na toshe masa baki da kaina. Duk aikin yana tsakanin waɗannan gefe biyu.

Talata, 11 ga Maris

Kwana biyar na yi ina karanta sawun kira, wato jerin fankshin ɗin da aka bi kafin kuskure ya fito, kuma yau na tsayar da ƙa'idar tantancewa ta farko.

Idan kuskuren na laburaren ne da kansa, wanda takardun bayaninsa suka ambata, to alkawari ya cika, a wuce. Idan `TypeError` ne ko `ValueError` da aka jefo a bakin ƙofa, a layukan farko na fankshin ɗin da na kira, kuma da `raise` na gangan, shi ma a wuce, mai gida ne ya ce ba ya karɓar wannan kaya. Abin da nake tsayawa a kai shi ne kuskuren da ya ɓullo daga can ciki, bayan an riga an karɓi kayan an fara aiki da su: `IndexError` saboda an miƙa hannu ƙarshen jeri ba komai, `KeyError` da ba wanda ya yi tsammani, da kuma shahararren nan, `AttributeError` mai cewa `NoneType` ba shi da kaza. Wannan na ƙarshe kusan kullum labarinsa ɗaya ne: an nemi `re.match` ya daidaita rubutu, bai daidaita ba ya dawo da `None`, layi na gaba ya kira `.group` gaba gaɗi.

Me ya sa na damu da wannan? Saboda mai amfani da laburaren ya karanta takardu, an ce masa kuskure iri kaza ne zai fito, shi ya cafke. Ranar da wani iri dabam ya tsallake, sabarsa za ta faɗi ko ta mayar wa baƙo amsar kuskure, alhali ya yi duk abin da aka ce ya yi.

Da wannan ƙa'ida na samu aibi na farko na gaske, a laburaren kwanan wata. Injin ya tura rubutu mai ɗauke da ², ƙaramin biyun nan da ake rubutawa a sama. Kod ɗin ya tambayi `isdigit`, ta ce e, lamba ce. Sai ya miƙa wa `int`, ita kuma ta ƙi, ta jefo `ValueError` daga tsakiyar aiki. Duka biyun suna kan daidai bisa ƙa'idar Python: `isdigit` tana karɓar irin waɗannan alamomi, `int` ba ta karɓa. Wadda ta dace a nan ita ce `isdecimal`. Ita ma da nata sharaɗin, domin lambobin Larabci irin su ٣ suna wuce ta, `int` ta mayar da su 3 ba musu, kuma `\d` na rejeks, wato tsarin da ake daidaita rubutu da shi, yana kama su idan rubutu ne ba bayit ba. Ko laburaren yana son hakan ko ba ya so, wannan shawarar masu shi ce, amma ya kamata a ce shawara aka yanke, ba dacewa aka yi ba.

Ba na jin zan taɓa zama in yi tunanin gwada ² da hannuna. Injin bai san ma'anarsa ba, kawai ya ga cewa wannan harafi ya buɗe reshen da sauran tarkace ba su buɗe ba.

Asabar, 15 ga Maris

Gudu ya yi ƙasa. Mazurarina yana gina sabon abin fassara a kowane zagaye, shi kuma yana sake harhaɗa rejeks ɗinsa daga tushe. Na fitar da ginin waje da zagayen, na taƙaita dasa ƙididdiga ga laburaren da nake gwadawa kaɗai maimakon duk abin da ya shigo da shi, na rage `max_len` daga 4096 da yake zuwa da shi zuwa 256, tunda kwanan wata ba ya kai haka. Ya ɗan farfaɗo. Duk da haka ba zai kamo gudun C ba, don haka kowane zagaye yana da tsada, kuma bai kamata in ɓatar da shi a kan bayanin da za a kora a bakin ƙofa ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na koma kan laburare na uku, mai mayar da bayanai rubutu, nan kuwa maganar nau'i ta taso gadan-gadan. Mai karanta saiti rubutu kawai yake ci. Wannan kuwa yana cin ƙamus, wato ma'ajiyar mabuɗai da ƙimominsu, mai ɗauke da jeri mai ɗauke da wani ƙamus, da zaɓuɓɓuka kusan goma. Idan na bar injin ya zaɓi nau'i yadda ya ga dama, mafi yawan zagayen a ƙofa suke mutuwa.

Na fara da alamun nau'i, waɗanda PEP 484 ta tsara suka shigo a Python 3.5 cikin 2015. Inda suke, sun taimaka. Sai dai Python ba ya tilasta su lokacin gudu, don haka suna iya tsufa ba wanda ya lura. Na tarar da inda alama ta ce `str` alhali kod ɗin yana karɓar `bytes` da hanyar fayil, da inda ta ce `Any`, wanda daidai yake da yin shiru. Fankshin da yawa ma ba su da alama ko ɗaya.

Sai na juya ga tsofaffin gwaje-gwajen laburaren, tunda da tsohuwar zuma ake magani. Na ɗaura `sys.setprofile`, na gudanar da duk gwaje-gwajen da masu shi suka rubuta, na rubuta nau'in duk abin da ya shiga kowane fankshin da abin da ya fito. Ba ni na ƙirƙiri wannan ba, irin aikin da MonkeyType na Instagram yake yi ke nan. Amfani biyu na samu. Na farko, taswirar nau'in da kowane fankshin ya saba gani. Na biyu, ainihin ƙimomin da suka wuce, waɗanda na zuba a rumbu, wato tarin bayanan da injin yake yi wa kwaskwarima, su zama iri. Yanzu mazurarin yana amfani da bayit na farko ya zaɓi nau'i: mafi yawan lokaci daga cikin waɗanda aka saba, wani lokaci daga maƙwabtansu, kamar `tuple` a gurbin `list` ko `bytearray` a gurbin `bytes`, da wuya kuma ya kawo baƙo sarai.

Maƙwabtan nan su ne inda albarka take. A Python ba a cika tambayar abu ko shi wane ne ba, ana duba abin da yake iya yi ne. Duk abin da ke da `read` fayil ne, duk abin da za a iya zagayawa a kansa jeri ne. Don haka na rubuta 'yan kwaikwayo: fayil da idan ka nemi bayit ɗari ya ba ka bakwai, wanda halal ne ga ɗanyen rafin bayanai, da janareta, wato abin da ke fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya, a gurbin jeri.

Janaretan ya tono abin da ya sauya mini tunani. Wani fankshin yana zagaya kayan da aka ba shi sau biyu, na farko don dubawa, na biyu don rubutawa. Jeri yana jure wannan. Janareta kuwa sau ɗaya ake shan sa, zagaye na biyu ya tarar wayam. Fankshin ya dawo da jeri fanko, babu kuskure, babu gargaɗi. Ban gano shi ta hanyar injin ba, idona ne ya faɗa kan fitowar ina duba wani abu dabam. Ke nan ƙa'idata ta ranar 11 ga wata makauniya ce ga duk aibin da bai yi ihu ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Mako guda ina gyara wannan makanta. Maganin shi ne in daina jiran faɗuwa kaɗai, in riƙa duba wasu halaye da dole su tabbata kowane irin bayani aka shigar. Tunanin ya samo asali daga QuickCheck da Koen Claessen da John Hughes suka rubuta wa harshen Haskell, kuma a Python akwai Hypothesis na David MacIver. Hali mafi sauƙi shi ne zuwa da dawowa: ka mayar da abu rubutu, ka dawo da shi, ya kamata ka samu abin da ka fara da shi.

Da na kunna wannan, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, kuma yawancinta laifin ma'aunina ne. NaN, ƙimar da ke nufin "ba lamba ba", ba ya daidai da kansa bisa ƙa'idar IEEE 754, don haka duk inda ya shiga `==` tana cewa an samu saɓani. `tuple` yana dawowa a matsayin `list`, mabuɗin ƙamus da yake lamba yana dawowa rubutu, kuma duka biyun haka aka tsara su, ko `json` na Python kansa haka yake yi. Sai da na zauna na rubuta kowane irin sauyi da aka yarda da shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya gefen, inda `==` take cewa lafiya alhali ba lafiya ba. A Python `bool` ɗa ne ga `int`. `True == 1` gaskiya ne, `1 == 1.0` ma haka, kuma dukansu uku hash ɗinsu, wato lambar da ƙamus yake neman mabuɗi da ita, ɗaya ne, shi ya sa ƙamus mai mabuɗi 1 da mabuɗi `True` yake haɗe su ya zama mabuɗi guda. Laburaren da nake gwadawa, a wata hanya da ake bi idan an kunna wani zaɓi, yana tambayar `isinstance(x, int)` kafin ya tambayi `bool`, sannan ya rubuta da `%d`. Ka ba shi `True`, ya rubuta 1, ya dawo maka da 1. Gwajin zuwa da dawowa ya ce an yi nasara, tunda `True == 1`. Gwaje-gwajen masu laburaren ma suna wucewa saboda wannan dalili. Amma wani shiri a wani harshe da zai karanta fayil ɗin zai ga lamba inda aka yi niyyar e ko a'a.

Na rubuta ma'aunin kaina wanda ke gwada nau'i tare da ƙima, yana ɗaukar NaN daidai da NaN, yana kuma bambanta 0.0 da -0.0. Da shi aibin ya fito cikin mintuna. Ina ganin wannan ma'auni, wanda bai kai layi arba'in ba, ya fi duk abin da na rubuta zuwa yanzu amfani.

Ƙaramin abu ɗaya kuma: `ConsumeUnicode` yana iya fitar da rabin tagwayen harafi, irin su U+D800, wanda Python ya yarda ya zauna cikin rubutu amma UTF-8 ba ya iya ɗaukarsa. Laburaren yana karɓa, sai wajen rubuta fayil `UnicodeEncodeError` ya fito bayan an riga an rubuta rabi. Rabin fayil ɗin ya fi kuskuren damuna.

Laraba, 2 ga Afrilu

Faɗuwa biyu sun ƙi maimaituwa. Injin ya ajiye fayil ya ce ga abin da ya karya shiri, na sake gudanarwa, lafiya lau.

Dalilai biyu ne. Na farko, tun Python 3.3 hash ɗin rubutu yana canzawa a kowane tashi, don haka tsarin da `set` yake fitar da abubuwa ba ya tsayawa. Na kafa `PYTHONHASHSEED=0`. Na biyu ya fi wuya. Atheris yana gudanar da duk zagayen a cikin tashi ɗaya, laburaren kuma yana da ma'ajiyar wucin gadi mai tuna sakamakon baya, tana mayar da ƙamus ɗin da wani zagaye ya riga ya taɓa. Ke nan ba bayani ɗaya ne ya jawo faɗuwar ba, biyu ne a jere. Yanzu ina wanke ma'ajiyar kafin kowane zagaye, kuma ba na ƙirga faɗuwa sai ta maimaitu a sabon tashi. Na rubuta waccan ta jere a gefe, domin aibi ce ta gaske, sai dai na'urata ba ta riga ta iya farautar irinta ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Daren jiya gudun mai karanta saiti ya faɗi ƙasa warwas ba tare da faɗuwa ko ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ashe wasu bayanai ne a rumbu suke cin daƙiƙoƙi kowannensu, injin kuma bai yi ƙorafi ba saboda wa'adin libFuzzer na asali daƙiƙa 1200 ne. Na sauko da shi zuwa biyar, nan take ya kama mai laifin.

Rejeks ne mai maimaici cikin maimaici, dangin `(a+)+$`. Idan rubutu ya kusa daidaita amma harafin ƙarshe ya ɓata, injin rejeks yana komawa baya ya gwada kowace hanyar rarraba haruffan, kuma kowane ƙarin harafi yana ninka lokacin kusan sau biyu. Haruffa talatin da 'yan kai sun isa su riƙe kwamfuta na tsawon mintuna. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rejeks mai yawan komawa baya ne ya cinye ƙarfin sabobin Cloudflare ranar 2 ga Yulin 2019, shafuka masu yawa suka ɗauke na kusan rabin sa'a. Python 3.11 ya kawo rukuni mara komawa baya da maimaici mai riƙewa, amma laburaren yana tallafa wa tsofaffin sigogi, don haka gyaran da zan ba da shawara shi ne a sake fasalin rejeks ɗin yadda ɓangarorinsa ba za su yi rububin harafi ɗaya ba.

Akwai wasu biyu daga wannan dangi. Lamba mai tsawon gaske: mayar da rubutu cikakkiyar lamba yana ƙara tsada daidai da tsawon a ninka da kansa, shi ya sa Python ya sa iyakar lambobi 4300 bayan CVE-2020-10735. Iyakar ta rufe waccan ƙofa, amma yanzu `int` tana jefo `ValueError` a inda tsohon kod bai taɓa tsammani ba. Sai kuma baka cikin baka cikin baka, irin `[[[`, sama da dubu, wanda ke kai wa ga `RecursionError` tunda iyakar zurfin kira ta asali 1000 ce. Na daɗe ina juya wannan. Ra'ayina shi ne, idan laburare an yi shi ne don karanta abin da baƙo zai turo ta intanet, dole ya sa iyakar zurfi ta kansa ya jefo kuskurensa. Idan na karanta saitin da mai kwamfuta ya rubuta da hannunsa ne, abin lura ne kawai, ba na gaggawa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ranar shara. Fayilolin faɗuwa sun taru ɗaruruwa, amma da na tara su bisa nau'in kuskure da layin ƙarshe da ke cikin laburaren, ba su wuce abin da za a ƙirga da yatsu ba. Kowane rukuni na ɗauki ɗaya na tsefe shi. `minimize_crash` yana yi wa rubutu kyau. Ga bayanai masu sassa kuwa ba ya wadatarwa, domin yanke bayit ɗaya a gaba yana canza duk nau'in da mazurarin zai zaɓa a baya. Sai na rubuta mai ragewa a kan abin da aka riga aka gina, bisa dabarar Andreas Zeller ta cire rabi a gwada, in bai yi ba a cire kwata. Aibin `True` ya ragu zuwa layi biyu.

Na aika rahotanni. Kowanne yana da gajeren kod da za a kwafa a gudanar, abin da ya faru, abin da takardu suka yi alkawari, da sigar Python. Na rejeks ban sa shi a fili ba, na bi ta adireshin tsaro da suka tanada.

Talata, 22 ga Afrilu

Amsoshi sun fara zuwa. An karɓi na ² da na `True`, har an haɗa gyara da sabon gwaji. Na rejeks an ce ana kai.

Na janareta ne ya jawo muhawara. Mai kula da laburaren ya ce fankshin ɗin jeri yake karɓa, bai taɓa cewa zai karɓi janareta ba. Na koma na karanta takardun da kyau. Kalmar da suka yi amfani da ita tana iya ɗaukar ma'ana biyu, alamar nau'i kuma babu. Ban ga laifinsa ba, shi ya rubuta kod ɗin da jeri a ransa, kuma shekaru ba wanda ya kawo kuka. Abin da na roƙa shi ne ɗaya cikin biyu: ko a mayar da kayan jeri a layin farko, ko a kore su da `TypeError`, amma kada a karɓa a dawo da fanko. Ya zaɓi na farko, ya kuma gyara jimlar da ke takardun.

Wannan musaya ta nuna mini cewa a harshe irin wannan rabin alkawarin fankshin a zuciyar marubucinsa yake zaune. Na'urata ba za ta iya karanta zuciya ba, iyakarta ta nuna wurin da kod da takardu da alamu suka saɓa, sannan mutum ya yanke hukunci. Saboda haka na ƙara rukuni na uku a tantancewata. Bayan "aibi" da "ba aibi ba", yanzu akwai "a tambayi mai shi", kuma salon rahotonsa dabam ne, tambaya ce ba tuhuma ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Laburare na huɗu, mai ɓangaren C. Shiri kaɗai ya ci kwana uku: a sake harhaɗa shi da clang tare da AddressSanitizer, mai gano taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba, a ɗora laburaren sanitaiza ta `LD_PRELOAD` kafin Python ya tashi, a kashe gano yoyon memori saboda mai fassara Python kansa yana barin abubuwa har ƙarshe da gangan.

Tarkacen bayit bai samo komai ba, masu shi sun yi taka-tsantsan da tsawo da iyaka. 'Yan kwaikwayona ne suka yi aiki. Na ƙara masu mugun hali: abu da `__len__` ɗinsa ke faɗin tsawon da ba shi da shi, da abu da idan aka kira `__eq__` ɗinsa sai ya share jerin da yake ciki. Na biyun ya kayar da shiri. Kod ɗin C ya ɗauko abu daga jeri da `PyList_GET_ITEM`, wanda aro yake bayarwa ba mallaka ba, bai ƙara ƙidayar riƙo ba, sannan ya kira kwatanci. Kwatancin ya koma cikin Python ya share jerin, abin ya mutu, C ya ci gaba da taɓa gurbinsa. AddressSanitizer ya nuna wurin da aka saki memorin da wurin da aka sake taɓa shi.

A nan sassaucin harshen ya haɗu da tsaurin C. Duk lokacin da C ya kira wani abu na Python, ko kwatanci ne ko neman tsawo, ya ba wa kod ɗin da bai sani ba damar canza komai a bayan idonsa. Da wuya mai amfani na ƙwarai ya rubuta irin wannan abu, na yarda, amma gyaran layi biyu ne, a riƙe kafin kira a saki bayansa. Na aika ta hanyar sirri.

Litinin, 5 ga Mayu

Kwana huɗu ke nan ba sabon reshe a laburaren saiti. Na duba layukan da ba a taka ba. Kashi ɗaya suna bayan kalmomi na musamman da injin bai dace da su ba, don haka na tsamo duk rubutun da ke cikin kod ɗin na zuba a fayil na miƙa ta `dict`, kuma kafin yamma ya shiga biyu daga ciki. Sauran ba a isa gare su da kira ɗaya, sai an buɗe abu, an ƙara sashe, an goge, an sake rubutawa. Irin aibin ma'ajiyar wucin gadi ke nan da na ajiye a gefe ranar 2 ga Afrilu.

Don haka aikin wannan mako shi ne sabon mazurari mai karanta bayit a matsayin jerin umarni: bayit ɗaya ya zaɓi fankshin, na gaba su gina kayansa, abin da ya dawo a jefa shi cikin kwando domin kira na gaba ya iya ɗauka. A gefe zan riƙe ƙamus na Python zalla ina yi masa irin abin da ake yi wa laburaren, bayan kowane mataki in gwada su da ma'aunina. Na tace rumbu da `merge` don ya yi sauƙi kafin a fara, na kuma ajiye tsohon mazurarin yana gudu a kan sigar da aka gyara, in ga ko gyaran ² ya buɗe wata ƙofar a bayansa.